Tsallake-Boda, Wasan da Halilu Ya Ƙirƙiro

A Illela, in ka baro inda ake lodin albasa ka miƙe kamar za ka boda, wato iyakar da ake tsallakawa zuwa Ƙonni ta Nijar, akwai wata bishiyar dogon-yaro inda Bashar mai shayi ya kafa teburinsa. Nan 'yan dara ke haɗuwa bayan la'asar. Kowa a tabarma yake zama, in ban da Halilu dillalin albasa, shi yana da kujera. Kujerar gaba ce ta wata babbar mota da mahaifinsa ya taɓa tuƙawa. Mota ta mutu, mai mota ya rasu, kujera ta rage, aka jingine ta a gindin bishiyar. Soso ya leƙo ta gefe, wani ƙarfe kuma yana cizon duk wanda bai san zamanta ba, amma Halilu ba ya haɗa ta da komai. A kanta yake harɗewa yana ba mutane labarin abubuwan da ya iya, waɗanda har yau ba a sami wanda ya ga ya yi ko ɗaya ba.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne dara. Taubashinsa Zakari, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kullum sai ya cinye shi. Kuma Zakari ba ya cin mutum ya yi shiru, sai ya bi shi da waƙa.

Ran nan aka yi masa cin da ko tsinke ɗaya ba a bar masa ba. Halilu ya sa ƙafa ya share ramukan, ya ce, "Wanga ba wasa ba na. Tonon ƙasa ɗai na, irin na kaji. Ni in nig ga dama, wasa nika ƙirƙirowa da kaina, wanda har Ƙonni sai an zo koyo."

Zakari ya ce, "Kai? Kai da ko ɗaurin buhu ba ka iyawa sai an kama maka?"

"Ni hwa!"

"To, bawana, mu yi ta gaban shaidu. Ran Juma'a ka kawo shi nan. A buga shi tun hwarko har ƙarshe bisa doka taka, ba sauyi in an hwara. In mutane sunka ce a sake, ka ci. In ko ba haka ba, kujerag ga tawa ta."

Halilu bai yi zaton maganar za ta kai ga kujera ba. Amma idanu sun yi masa yawa, bakinsa kuma bai taɓa jiran shawararsa ba. Ya buga ƙirji ya ce ya yarda.

Ya isa gida yana huci, ya tarar da matarsa Hindatu tana tankaɗe.

"Hindatu, daga yau ki riƙa yi min magana da hankali. Mai ƙirƙira kika aure."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To, Malam. A ƙirƙiro muna cefane tukuna."

Ya yi kamar bai ji ba. Wasan dai ya riga ya gama tsara shi a ka tun a hanya, har da suna: Tsallake-Boda. Kowa zai ɗauki motarsa daga Illela, a jefa ɗan lido, a bi gida-gida har Ƙonni, wanda ya riga isa ya ci. A hanya akwai gidan shinge, irin na 'yan kwastan, inda za ka tsaya har kowa ya jefa ya wuce ka. Akwai gidan fashewar taya, akwai inda ruwa ya cinye hanya. Sai kuma babbar doka, wadda saboda ita ya yi wasan gaba ɗaya: in motarka ta iske ta wani a gida guda, ka kama shi, sai ka tashi da hannunka ka cire masa hula, ya ƙarasa wasa kai a buɗe. Zakari yana da sanƙo mai ƙyalli wanda yake ɓoyo kamar asirin gida, kuma Halilu ya rantse sai duk Illela ta gani.

Da farko a kan kwalin taliya ya zana. Ya shimfiɗa shi a tsakar gida ya shiga neman abin da zai yi motoci, ya fito ya tarar Hindatu ta yage rabinsa ta hura wuta da shi.

"Kin ƙone Ƙonni!"

"Ni kwali nig gani ƙasa."

Sai ya ce kwali ma ai bai dace da darajar wasan ba. Ya bari ta tafi gidan suna, ya shiga ɗakinta ya sauko da babban tirenta na jere, wanda mahaifinta Alhaji Abdulmalik ya saya mata lokacin aure, wanda ko baƙo ba a taɓa sa wa abinci a kai ba. Ya samo ragowar fentin mota wajen wani mai gyara, ya zauna ya zana hanya ta bi gefen tiren ta kewayo. Fentin ya kama hannunsa, ya kama gaban rigarsa, ya kama wata kaza da ta zo kallo. Motoci kuwa da ƙuli-ƙuli ya fara yin su, yana sassaƙawa yana ɗanɗana ɓarɓashin, bai ankara ba ya cinye motocin har da ta gwaji. Daga baya ya koma marafan kwalba. Ɗan jefawa kuma ya ce shi ba zai ari na lido ba, kada a ce ya yi satar fasaha. Ya ɗauki sukari mai ƙwaya irin na Nijar, ya ɗiɗɗiga masa kwallin Hindatu.

Da ta dawo ta ga tiren, sai da ta dafa bango.

"Malam! Tirena na Baba?"

"Ki kwantar da hankalinki. Da can tire ɗai na. Yanzu ko tarihi na."

"Tarihi? Wallahi sai Inna ta ji."

"Ki hwaɗa ma duniya ma."

Ta kuwa ɗauki mayafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar, gindin dogon-yaro ya cika har da waɗanda ba su taɓa sayen shayin Bashar ba. Halilu ya iso da tire a ka, lulluɓe da zanen gado. Ya ajiye, ya hau kujerarsa, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda tunani ke zuwar wa manyan mutane. Sannan ya yaye zanen, ya bayyana dokoki, ya ja dokar hula da kyau yana kallon kan Zakari.

Zakari ya zauna, ya jawo Mukhtari, wani ɗan acaɓa da ke kai kaya Ƙonni kullum, aka zama uku. Zakari ya leƙa tiren, ya karkata kai, ya sake leƙawa.

"Taubashi, nan ina na?"

"Illela."

"Nan ko, da ke manne da ita?"

"Ƙonni."

Ashe da yake tiren da'ira ne, hanyar ta zagayo ta dawo inda ta faro, Ƙonni ta zo ta jingina da bayan Illela. Zakari ya jefa, ɗaya ta fito. Ya ɗauki marfinsa ya ja shi baya gida guda, ya tafa hannu.

"Na iso. Ina kwana, mutanen Ƙonni!"

Wuri ya kaure da dariya. Halilu ya miƙe tsaye a kan kujera.

"Ba a tahiya baya! Gaba aka bi, a kewayo!"

"Wane mahaukaci ka kewaya duniya ga Ƙonni nan bayan ɗaki? Ka hwaɗi haka cikin doka?"

"Wanga gwaji na! Ba a hwara ba!"

Ya fizgi cokalin shayin Bashar ya gindaya tsakanin garuruwan biyu, ya ce katanga ce, kuma har sama ta kai. Aka sake. Mukhtari ya jefa, ya ƙirga, ya ga motarsa za ta faɗa gidan shinge. Sai kawai ya ɗaga marfin ya fitar da shi daga tiren, ya ja shi a kan tabarma, ya shigo da shi ta gaban shingen.

"Kai, Mukhtari, mi kaka yi?"

"Daji nib bi."

"Babu daji cikin wasan ga!"

"Babu daji? To wallahi ba ka san hanyag ga ba. Ni tun da nika tahiya ban taɓa ganin inda babu daji ba."

'Yan kallo suka rabu biyu, kuma mafi yawa bayan Mukhtari suke, don kowa yana da hanyar da yake ganin ta fi. Wani ya ce ta Amarawa ake ɓullowa, wani ya ce ƙarya ne, damina ta ɓata ta. Har aka fara nuna juna da yatsa a kan hanyar da ba ta cikin tire. Halilu yana ta ihu yana haramta daji, muryarsa ta dushe.

Ana cikin haka sai hayaniyar ta ɗauke ɗif. Mutane suka dare, sai ga Alhaji Abdulmalik da sandarsa da farin gemunsa. Maganar tire ta tashi daga Hindatu ta je wa Inna mahaifiyarta, daga Inna ta isa inda za ta isa.

Halilu bai san lokacin da ya diro daga kujera ba. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Shi da surukinsa tun da aka ɗaura aure ba su taɓa haɗa ido ba. In ya hango Alhaji a layi, sai ya tuna yana da uzuri a wani layin. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

"Barka da yamma, Baba. Ga wuri, Baba."

Alhaji ya zauna a kujerar, ƙarfen ya cije shi, ya gyara, ya sami daidai. Ya daɗe yana duban tiren.

"Wanga tire kamar na san shi."

"Kama ta, Baba. Tire da yawa suna kama."

"Uhm. Caca ta?"

"A'a, Baba, ko sisi ba a sa wa. Ilimi na."

"To, tunda an ɓata min tire saboda ilimi, ba ni mota in gani."

Halilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bashar kuwa ganin babban baƙo ya rikice, ya haɗo shayi da sauri, ya laluba kusa da tiren ya ɗauki ƙwayar sukari ya jefa a kofi, ya zare katangar da ke tsakanin Illela da Ƙonni ya motsa da ita. Sai da Alhaji ya kurɓa ya yaba, sannan aka shiga neman ɗan jefawa. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage aljihun Mukhtari. Can Bashar ya leƙa kofin ya ga kwalli yana yawo a sama, ya yi salati a hankali.

Halilu ya gani, amma wa zai ce wa surukinsa ya shanye ɗan lido? Ya karɓi wata ƙwayar, ya ɗiɗɗiga mata biro, ya mayar da cokali wurinsa yana ɗigar shayi.

Zakari ya gyara murya. "Kawu, kai ash shaida. Yanzu aka hwarawa na gaske, ba sauyi. Ba baya, ba daji. Kuma akwai dokar hula." Ya zayyana ta tsaf, bai rage komai ba.

Halilu ya ce da ƙaramar murya, "Wagga doka ta yara ta, ana iya aje ta."

"Ba sauyi, bawana. Ko ka ba ni kujera yanzu mu huta?"

Alhaji ya ce, "Doka doka ta. A jefa."

Abin mamaki, da aka hana baya aka hana daji, sai wasan ya yi daɗi. Mukhtari ya faɗa gidan fashewar taya, ya kama kai kamar da gaske ne. Alhaji ya maƙale a shinge, yana ta cewa a duba masa, shi dattijo ne, a bar shi ya wuce, jama'a na cewa babu. Da ya fita kuwa, jifarsa ta farko ta sauke shi a kan motar Zakari. Tsohon ya miƙa hannu ya zare hular ya ɗora a gwiwa. Sanƙo ya bayyana, rana ta faɗa a kai. Aka yi ta kururuwa, Alhaji na dariya har da tari.

Wannan shi ne abin da Halilu ya yi ta mafarki, ga shi ya samu, amma ko murmushi bai iya yi ba. Yana tsugune a gefen tabarma, fuska a juye wajen teburin shayi, yana jefawa ta bayan hannu kamar mai ba aljani saƙo. Addu'arsa ɗaya ce, kada Allah ya haɗa motarsa da ta Baba. In ya ga ya matso sai ya roƙi taya ta fashe. Tayar kuwa ta ƙi fashewa, shinge ya ƙi tare shi. Mutumin da bai taɓa samun sa'a a dara ba, ranar sa'a ta bi shi kamar ƙuda.

Aka zo gab da Ƙonni. Motar Alhaji na gaba, ta Halilu na binta. Ya rufe ido ya jefa. Shirun da ya ji shi ya gaya masa abin da ya faru. Zakari ne ya ɗauki marfin da kansa ya ƙirga masa gidajen da babbar murya, ya ɗora shi a kan na Alhaji, ƙwas.

"Ka kama Kawu! Tashi!"

"Ba a ƙirga daidai ba."

Aka sake ƙirgawa, jama'a na amsawa.

"Iska ta juya shi."

"Babu iska."

"To na yahe. Mai wasa na da ikon yahewa."

"Sauyi ke nan. Bashar, kama min kujera mu kai gida."

Halilu ya dubi ƙafar kujerar, ya dubi ƙafar surukinsa, zufa ta karyo masa. In ya ƙi, kujerar mahaifinsa ta tafi gidan Zakari, kuma ya san a bakin ƙofa za a kafa ta don ya riƙa gani. In ya yi, ya tuɓe wa uban matarsa hula a bainar jama'a, abin da ko mahaukacin kasuwa ba zai yi ba.

Alhaji ya sunkuyo da kai, ya ce, "Taho, Halilu. Kai kay yi doka."

Sai dabara ta zo masa, irin dabarunsa. Ya ce a ransa ai kunya a ido take, in bai gani ba kamar bai yi ba ne. Ya runtse ido gam, ya juya fuska gabas, ya rarrafo a kan gwiwa, ya miƙa hannu yana lalube. Gwiwarsa ta taka gefen tire, motoci suka watse, bai tsaya ba. Hannun ya ci karo da wani abu mai laushi. Ya ce Bismillahi, ya damƙe, ya ja.

Alhaji ya ce, "Wayyo!"

Halilu ya buɗe ido. Karo na farko a rayuwarsa ya haɗa ido da surukinsa, kusa da kusa, ga gemun tsohon cike da hannunsa, hula kuwa tana nan daram inda take.

Abin da ya biyo baya, masu kallo sun kasa haɗa bakinsu a kai. Wasu sun ce ta kan teburin Bashar ya tsallake, wasu sun ce ta ƙarƙashi. An dai yarda cewa butar shayi ta kife, Mukhtari ya faɗi yana riƙe da ciki, kuma an ga Halilu ba takalmi ya yi wajen masu lodin albasa da gudun da ba a san yana da shi ba.

Zakari ya mayar da hularsa, ya kama hannun kujera. "Kawu, a ɗan ɗaga. Wasa ya watse, tawa ta."

Alhaji yana shafa haɓa, hawaye na zuba, rabi na zafi rabi na dariya. Ya ce, "Mi anka yi alkawari? Ba cewa anka yi in an nemi a sake ya ci ba?"

"Amma ba a kai ƙarshe ba."

"Wa yac ce an tashi? Ku tsinto motocin, kowa ya san gidanai." Ya cire hularsa da kansa ya ajiye a gefe. "Ga dokatai an cika. Mukhtari, jefa ma yaron ga, ya tahi uzuri."

Aka ƙarasa. Motar Halilu ce ta fara shiga Ƙonni, ba mai ita. Kafin Zakari ya buɗe baki, mutum wajen goma sun ce a sake, Alhaji ne kan gaba. Ya yanke hukunci a gaban kowa cewa kujera ta Halilu ce halak malak, kuma don kada wani ya yi mata karambani, shi da kansa zai riƙa zama a kai yana tsare masa har ya dawo.

Tsohon kuwa ya cika alkawari fiye da yadda ake so. Wasan ya shige shi. Kullum yana idar da la'asar sai gindin dogon-yaro, ba ya tashi sai an kira magariba. An share ramukan dara, masu zuwa daga Ƙonni suna tsayawa kallo, har wani ya zo da tiren matarsa a zana masa.

Halilu kuwa, yanzu a tsallaken titi yake yini, bayan tarin buhunan albasa, inda ake hango majalisar ta wata 'yar kafa. Ran nan wani baƙon direba ya same shi yana leƙe, ya tambaye shi me ake yi a can aka taru haka.

Halilu ya gyara tsayuwa, ya buga ƙirji. "Wasana na. Ni niƙ ƙirƙiro shi. Kujerar can ma da kaka gani, tawa ta, an yi shari'a na ci."

"To mi ya hana ka zuwa ka zauna?"

Kafin ya sami amsa, sai muryar Alhaji ta tsallako titi. "Wa nika hange can bayan buhu? Halilu na? Taho mana, ɗana, ga kujerarka, sai mu matsa mu zauna tare!"

Direban ya waiwayo don ya ce masa ana kira. Buhuna kawai ya gani.